Yadda Ake Fara Kiwon Kaji Iri-iri a Bayan Gida, Daga Akurki Zuwa Ƙwan Farko

Masu shirin fara kiwo sukan kawo tambaya ɗaya ta fuskoki da yawa: in na sayi jajaye biyu, baƙaƙe biyu, da wata mai tukku saboda kyanta, za su zauna lafiya a akurki ɗaya? Za su zauna, in an haɗa su da lissafi. Kaza ba ruwanta da sunan irin 'yar'uwarta. Abin da take dubawa shi ne wa ta fi ƙarfi, wa ta fi tsoro, wa ta riga zuwa gidan. Wani kaso na asarar da sabon mai kiwo ke tafkawa a watannin farko daga nan take fitowa, sai kuma daga sayen kaji tun ba a tanadi inda za su kwana ba. Shi ya sa a matakan da ke ƙasa sayen kajin ya zo na biyar.

1. Auna wurinka, ka yanke adadi

Ɗauki awo ka auna filin da za ka iya ba kajin. Kowace babbar kaza tana buƙatar kusan murabba'in mita 0.4 a cikin akurki, da murabba'in mita 1 a filin shan iska. Kaji 6 ke nan akurki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 1.6, da fili mai mita 2 da mita 3. In ka samu fiye da haka, madalla, domin garken da ya haɗa masu hali daban-daban ya fi na iri ɗaya buƙatar sarari.

Ga mai farawa, 4 zuwa 6 sun isa. Kada su kasa 3, saboda in ɗaya ta mutu a bar ɗaya tal, takan shiga damuwa ta rage ci. Kaji 6 masu matsakaicin ƙoƙari za su ba ka ƙwai 20 zuwa 28 a mako a shekararsu ta farko.

Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai dai in ƙyanƙyasa ake so. Zakara 1 yana isar kaji 8 zuwa 10. In ka sa shi cikin kaji 3 ko 4, zai tsige musu gashin baya da yawan hawa. Ka kuma bincika dokar inda kake zaune, domin akwai garuruwan da suka hana ajiye zakara ko suka ƙayyade adadin kaji, sannan ka ji ta bakin maƙwabtan da cara za ta riƙa tayarwa da asuba.

Batun kuɗi kashi biyu ne. Akurki, raga da mazubai sau ɗaya ake kashe musu, kuma su ne za su fi ɗaukar kuɗinka a farko. Abinci kuwa ba ya ƙarewa, shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin yau da kullum. Ɗan tsako yakan ci kilo 6 zuwa 8 kafin ya kai mako 18, wato guda 6 za su cinye kilo 40 ko fiye ba ka ga ƙwai ko ɗaya ba. Tambayi farashin buhu a inda kake, ka yi wannan lissafin tun yanzu.

2. Zaɓi iri da za su iya zama tare

A nan ne ido ke yaudarar mutane. Abu uku ake dubawa kafin launi: nauyi, hali, da yanayin wurin.

Kashin bayan garken ya zama masu matsakaicin jiki da sanyin hali, waɗanda ake kiwo don ƙwai da nama duka. Plymouth Rock, Sussex, Australorp da Orpington duk suna cikin wannan rukuni, nauyinsu kilo 3 zuwa 3.5, kuma ba su cika faɗa ba. Rhode Island Red ta kan kai ƙwai 250 a shekara, amma tana da son mulki, musamman a kan Orpington da ba ta iya ramawa. Leghorn ƙarama ce, kilo 2, farin ƙwanta yakan kai 280 ko fiye a shekara, sai dai tana da firgita kuma tana tashi sama kamar zabuwa. ISA Brown, wadda haɗin kamfani ce, tana iya yin 300 a shekarar farko, bayan shekara biyu kuma ta ja baya sosai. Kazar gida ta gargajiya da wuya ta wuce 60 a shekara, amma a kwanci da raino da jure wahala ba ta da na biyu.

Ka'idar da ke rage rigima ita ce kada babbar cikinsu ta ninka ƙaramar a nauyi. Brahma mai kilo 4 da Silkie da ba ta wuce kilo 1 ba suna iya zama tare a hannun gogagge, amma ba a garken farko ba. Sannan kowane iri ka ɗauki aƙalla biyu. Kazar da ta fita daban ita kaɗai a kama, ita ake taruwa a kai.

Gargaɗi game da masu ado: Polish mai tukku ba ta ganin abin da ke zuwa ta sama ko ta gefe, kuma sauran kaji suna son tsattsagar tukkun har ya yi jini. Gashin Silkie ba ya tare ruwa, in ta jiƙe sai sanyi ya kama ta. Masu gashi a ƙafa kuma taɓo yakan daskare musu a yatsu. In ranka ya biya da su, bari sai shekara ta biyu.

A wuri mai zafi, ɗauki masu babban zanko da ƙarancin gashi, irin su Leghorn da masu wuya ba gashi, domin ta zanko da leɓa kaza ke fitar da wani kaso na zafin jikinta. A wuri mai tsananin sanyi, masu ƙaramin zanko kamar Wyandotte sun fi, don babban zanko yana iya daskarewa.

Kajin nama masu saurin girma, waɗanda ake yankawa a mako 6 zuwa 8, ba sa shiga wannan garke. Abincinsu daban, kuma za su danne sauran a bakin mazubi.

3. Gina akurki, ka gama shi tsaf

Zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, mai inuwa da rana tsaka. Ɗaga daɓen daga ƙasa, ko ka yi shi da siminti, don kada a haƙo ta ƙarƙashi.

Iska ce abu na farko. Buɗe tagogi a sama kusa da rufi, sama da kan kajin in sun hau sandar kwana, ka rufe su da raga. Kashin kaji yana fitar da wani wari mai yaji da ke lalata musu ido da huhu. Gwajinsa ba wuya: tsuguna ka kai fuskarka daidai tsayin kan kaza. In idonka ya yi yaji, iskar ba ta isa ba ko shimfiɗar ta jiƙe.

Ragar da za ka saya ta zama mai kauri, mai ido santimita 1.3. Siririyar ragar nan mai manyan ido tana tsare kaza a ciki, amma ɓera da maciji suna wucewa ta cikinta, kare kuwa yaga ta yake yi. Binne gindin ragar santimita 30 a ƙasa, ko ka kwantar da ita ta waje a kan ƙasa ka danne da duwatsu. Shingen filin ya kai mita 1.8, kuma ka rufe samansa in da shaho ko shirwa a yankin. Ana cewa zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma wannan ba dalilin barin ƙofa ba sakata ba ne. Yawancin ɓarna da dare ake yin ta, don haka rufe ƙofa da magariba aikin kullum ne.

Sandar kwana ta zama katako mai faɗin santimita 4 zuwa 5, an goge kaifin gefensa. Kowace kaza santimita 25 zuwa 30. Saboda garken haɗe ne, yi sanda biyu: ɗaya a tsayin santimita 45 don masu nauyi, ɗaya a 80 ko 90 don masu sauƙin jiki. Kaza mai nauyi in tana dira daga sama kullum, tafin ƙafarta yakan fashe ya yi ƙurji mai wuyar warkewa.

Gurbin ƙwai kuwa akwati ne mai santimita 30 ta kowane ɓangare, 35 in akwai manya, ɗaya ga kowace kaza 4. Sa shi a lungu mai duhu, kuma ƙasa da sandar kwana. In gurbi ya fi sanda tsayi, a ciki za su riƙa kwana, ka wayi gari da ƙwai dumu-dumu da kashi.

Shimfiɗa daɓen da askin katako ko buntun shinkafa, kaurin santimita 8 zuwa 10. A wani busasshen lungu na filin, zuba rairayi da tokar itace don birgima. Da ita suke kashe ƙwarƙwata.

4. Shirya wurin rainon 'yan tsaki

'Yan tsaki ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu sai gashi ya rufe su, wajen mako 5 zuwa 6. Babban kwali ko kewayen falanki mai murabba'in mita 1 da bango santimita 45 ya ishi guda 6 zuwa 10 a makonnin farko. In kewayen mai kusurwa ne, lanƙwasa kwali ka toshe kusurwoyin, don a nan suke cunkushewa su danne juna.

Rataya fitilar ɗumi a gefe ɗaya, kamar santimita 45 daga ƙasa, ka bar ɗaya gefen da sanyi don su samu wurin gudu. Ɗaure ta da waya ko sarƙa a wuri biyu. Fitilar da ta faɗo kan askin katako gobara ce. Mai amfani da gawayi kuma ya jira ya ruru ya daina hayaƙi, ya kewaye kaskon da raga, kuma kada ya toshe ɗakin ruf, domin iskar gawayi tana kisa ba a ji warinta ba.

Kada ka shimfiɗa jarida ko leda zalla. Santsinsu yana sa ƙafafun ɗan tsako su wage gefe-gefe, ya kasa tsayawa. Askin katako mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ya fi, ka rufe shi da tsohon tawul na kwana 2 ko 3 har su gane abinci. Garin katako mai laushi kuwa cinye shi suke yi.

Kunna ɗumin awa 24 kafin su iso, ka ajiye ma'aunin zafi a ƙasa, daidai inda za su tsaya.

5. Saye

Hanya mafi sauƙi ta haɗa iri daban-daban ita ce a sayo su duka 'yan tsaki, rana ɗaya, daga wuri ɗaya. Waɗanda suka tashi tare ba sa ganin juna a matsayin baƙi. In dole sai an jira wani iri, kada tazarar ta wuce mako 1 zuwa 2.

Sagara mai mako 16 zuwa 18 ta fi tsada, amma ta tsallake lokacin da mutuwa ta fi yawa, kuma ƙwai ya kusa. Abin da ba a so shi ne tsince-tsince, biyu daga nan, ɗaya daga can, a zuba su wuri ɗaya a ranar. Kowace ta zo da ƙwayoyin cutar gidansu, waɗanda ita ta saba da su, sauran ba su saba ba.

Lafiyayyen ɗan tsako idonsa tar, gashinsa a bushe, cibiyarsa ta rufe, duburarsa ba kashi, kuma in ka kwantar da shi rigingine yana juyawa nan take. Babbar kaza kuwa ɗaga ta ka ji nauyinta, shafa ƙashin ƙirji ka ji ko da tsoka a gefensa, buɗa gashin ƙarƙashin fuffuke da na gindin wutsiya ka duba ƙwari, kara kunne ka ji ko numfashinta na gurnani. Mai sauke fukafukai, mai gyangyaɗi a tsaye, ko mai majina, bar ta ko kyauta ce. Araha ba ta ado.

Tambayi mai sayarwa abu biyu: wane rigakafi aka yi musu da wace rana, kuma an tantance mata ne ko gauraye ne. Gauraye na nufin kusan rabi zakaru ne, sai ka san yadda za ka yi da su in sun kai wata 4.

6. Makonni shidan farko

Da isowarsu, ɗauki kowane ɗaya ka tsoma bakinsa cikin ruwa mai ɗan ɗumi, ka ajiye shi kusa da fitila. Ruwa na farko, abinci bayan awa 1 ko 2. Mazubin ruwan ya zama marar zurfi, ko ka zuba tsakuwa masu tsabta a ciki, don ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Washegari shafa gindin wuyan kowanne. Jakar abincin da ke wurin ta kasance cike, da laushi. Wanda tasa take wayam bai gano abinci ba, nuna masa da ƙwanƙwasa mazubi da yatsa.

Zafin makon farko digiri 32 zuwa 35 ne a ma'aunin Salshiyos, ana rage kusan digiri 3 kowane mako ta hanyar ɗaga fitilar. Amma 'yan tsakin sun fi ma'auni faɗin gaskiya. In sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna tsiwa da ƙarfi, sanyi ne. In sun watse jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wani wuri. In sun bazu, wasu na ci wasu na barci, komai daidai.

Duba duburarsu kullum a kwana 10 na farko. Kashi yakan bushe ya toshe ta, kuma yana kisa. Jiƙa shi da ruwan ɗumi har ya saki, busar da wurin, shafa ɗan man shafawa marar ƙamshi. Kada ka fizge shi a bushe, da fata zai fito.

Tsakanin mako 3 da 6 ne cutar kashin jini ta fi kamu. Ɗan tsako zai takure, gashi a tashe, kashi da jini ko ruwa-ruwa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke hayayyafa ƙwayar cutar, don haka ɗora mazubin ruwa a kan bulo yayin da suke girma, ka kwashe duk inda ya jiƙe a ranar. Maganin da aka fi ba su shi ne amprolium a ruwan sha, bisa awon da ke jikin kwalin, kuma jinkiri yana iya jawo asara mai yawa.

A garken haɗe, wasu za su riga wasu yin gashi. Leghorn takan rufe da wuri, Brahma da Orpington suna jan ƙafa. Kada ka cire ɗumi sai na ƙarshensu ya rufe.

Wanke hannu da sabulu bayan taɓa su, kuma kada yara su kai su baki. Lafiyayyen ɗan tsako ma yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi.

7. Rigakafi

Tsarin ya danganta da cututtukan yankinka, don haka likitan dabbobi ne zai ba ka ranakun. Abin da aka saba shi ne: na cutar Marek, mai shanye ƙafafun kaji, a ranar ƙyanƙyasa, tun a kamfani. Na cutar Newcastle, annobar kaji mai taɓa numfashi, a makon farko ta ɗigon ido ko ruwan sha, a maimaita a mako 3 zuwa 4, sannan duk wata 3 ko 4 a inda cutar ta yi katutu. Na cutar Gumboro, mai kama 'yan tsaki, wajen kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan mako 1 ko 2. Ta ƙurajen zanko kuma a fatar fuffuke, tsakanin mako 6 da 10.

Kurakuran da ke ɓata rigakafi sanannu ne. Dole ya zo cikin sanyi ya zauna cikin sanyi har lokacin haɗawa. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe shi. Janye ruwan sha na awa 1 zuwa 2 don su ji ƙishi, kuma su shanye ruwan da aka haɗa da rigakafin cikin awa 2, ragowar a zubar. Ba a yi wa marar lafiya. Kwalba ɗaya takan zo da na kaji ɗaruruwa, saboda haka ya fi sauƙi ka haɗa kai da wasu masu kiwo a yi rana ɗaya.

In kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, ko ka ga zanko ya yi shuɗi da kumburin fuska, kada ka yanka, kada ka sayar. Sanar da hukumar lafiyar dabbobi, don yana iya zama murar tsuntsaye.

8. Abinci

Daga rana ta farko zuwa mako 6 ko 8, abincin 'yan tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Daga nan zuwa mako 18, na masu tasowa mai kashi 15 zuwa 16. Sai na masu ƙwai, mai furotin 16 zuwa 17 da kalsiyam kusan kashi 4. Duk sauyi a yi shi cikin kwana 5 zuwa 7, ana gauraya tsoho da sabo.

Ga inda garken haɗe ke rikita mutane. ISA Brown da Leghorn suna fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, Sussex da Orpington sai 22 zuwa 26, Brahma takan kai wata 7. Kalsiyam ɗin abincin masu ƙwai ya yi wa wadda ba ta fara ba yawa, yana taɓa ƙoda, haka ma zakara. Mafita ita ce a bar kowa a kan abincin masu tasowa, a ajiye dakakken ɓawon kawa ko dutsen farar ƙasa na abincin kaji a wani mazubi daban. Mai buƙata za ta ci, sauran ba za su kula shi ba. In duk sun fara ƙwai, sai a koma na masu ƙwai.

Babbar kaza tana cin giram 110 zuwa 125 a rana. Guda 6 ke nan kusan giram 720, buhu mai kilo 25 zai kai su kamar kwana 35. Kada ka sayi fiye da na mako 6, ka ɗora buhun a kan katako cikin mazubi mai murfi. Abincin da ya yi fumfuna a zubar da shi, gubarsa tana lalata hanta kuma shanya ba ta cire ta.

Hatsi, ganye da ragowar abincin gida kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da suke ci, kuma a ba su da yamma. Hatsi zalla yana sa ƙiba, ƙwai ya ragu. Mai cin hatsi da ganye tana buƙatar ƙananan tsakuwa, da su ƙundu ke niƙa. Ban da abu mai gishiri da yawa, ɗanyen busasshen wake, abokado, da koren ɓawon dankalin turawa.

Ruwa kusan ninki biyu na nauyin abinci take sha, da zafi kuma ya kai rabin lita. Kaza ba ta gumi. Daga digiri 30 zuwa sama za ka ga tana haki, fukafukai a buɗe. Sauya ruwa sau 2 ko 3, ajiye shi a inuwa, ka ba da abinci da sassafe da yamma.

9. Komawa akurki da rabon girma

A mako 6, in gashi ya cika, mayar da su akurki ka rufe su ciki kwana 3 don su san nan ne gida. In magariba ta yi ba su hau sanda ba, ɗora su da hannu, dare 3 ko 4 za su koya.

Daga nan za a fara rabon girma. Tsattsaga ɗaya ko biyu, kora daga mazubi, tayar da gashin wuya, duk al'ada ce, ba a shiga tsakani. Abin da za ka yi shi ne ajiye mazubin abinci 2 da na ruwa 2, nesa da juna, inda mai tsaron ɗaya ba za ta hango ɗayan ba. Jingina falanki ko ajiye kututture a filin don mai rauni ta samu maɓoya mai ƙofa biyu. Da dare, bayan sun hau sanda, shafa jakar abincin ƙananan. Wadda take kwana wayam ana hana ta ci ne.

Jini shi ne iyaka. Kaji suna bin ja, in suka ga rauni ba sa bari. Cire mai raunin nan take, wanke, ka ware ta inda suke ganinta har ta warke. In kaza ɗaya ce ke addabar kowa, ita za a cire, a ɓoye ta kwana 5 zuwa 7. In ta dawo ta tarar an raba girma ba da ita ba.

Mai tsallake shinge kuwa, rage mata dogayen gashin fuffuke ɗaya kawai da almakashi. Kada ka yanke gashin da gindinsa ke da duhu, sabo ne, da jini a ciki.

10. Ƙwan farko da kwanci

Zanko zai yi ja ya cika, kuma in ka kai hannu ta durƙusa ta buɗe kafaɗu. Ƙasusuwa biyun da ke gefen dubura za su buɗe har yatsu 2 ko 3 su shiga tsakani. Ajiye ƙwan roba a gurbi don ta san wurin. Ƙwayayen farko ƙanana ne, wani marar ɓawo, wani mai gwaiduwa biyu, cikin makonni kaɗan suke daidaita.

Kwashe sau 2 a rana. Ƙwan da ya fashe a gurbi shi ke koya musu shan ƙwai, kuma hali ne mai wuyar bari. Ɗaya daga cikin daɗin garken haɗe shi ne launin ɓawo yana gaya maka wadda ta yi da wadda ta tsaya. Kaza tana buƙatar haske awa 14 zuwa 16 don ta ci gaba da yi, kuma wajen wata 18 za ta zubar da gashi ta huta na wasu makonni, wannan ba ciwo ba ne. In ka ba da magani, karanta kwanakin da aka hana cin ƙwai a jikin kwalin.

Wadda ta kwanta a gurbi ta ƙi tashi, tana kumbura tana gurnani, kwanci take so. In kana son 'yan tsaki, ware ta, ka sa mata ƙwai 8 zuwa 12 da ba su wuce kwana 7 ba, duka rana ɗaya, ka yi musu alama da fensir. Kwana 21 ne kafin a ƙyanƙyashe. Ka sani 'ya'yan garken haɗe ba za su yi kama da uwa ko uba sak ba, kuma 'ya'yan ISA Brown ba sa gadon yawan ƙwanta. Sauya zakara duk shekara ko biyu don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa. In ba ka son kwancin, sa ta a keji mai daɓen raga, a ɗage daga ƙasa, da abinci da ruwa, kwana 3.

11. Ƙara sababbi daga baya

Sabuwar kaza, ko daga hannun wa ta fito, a killace ta kwana 30, nesa da garken iyakar yadda gidan zai ba da dama. Mazubanta daban, kuma a fara hidimar tsofaffin kafin a je wurinta, a sauya takalmi. Cikin wannan lokaci a duba ƙwari, a ba ta maganin tsutsar ciki, a cika rigakafin da ta rasa.

Bayan haka raba filin da raga, su yi mako 1 zuwa 2 suna ganin juna ba taɓawa, ana zuba hatsi a ɓangarorin ragar biyu don su saba ci kusa da juna. Kada a shigar da guda ɗaya, a kawo biyu ko fiye, kuma sai sun kai kusan girman na gidan. 'Yan tsakin da ka rena daban su jira mako 12 zuwa 16. Ranar haɗawa, sauya wa mazubai wuri, ɗora sababbin a kan sanda bayan duhu ya yi, sannan ka buɗe ƙofa tun kafin gari ya waye sosai, ka tsaya kusa na awa guda kana kallo.